Yadda Za Ka Sabunta Ofishin Shawararka Har Masu Fasaha Su Daina Damunka

Kana ba masu fasaha shawara, amma ofishinka ya tsufa? Samu wuri ka zauna. Matakai biyar ne, kuma na ba ka tabbaci, kafin mako uku ko mahaifiyarka ba za ta gane wurin ba. Shaidata Badruddeen na Jos Jarawa. Shekara bakwai yana nuna wa teloli da masu zane yadda za su tallata aikinsu, sai ya ji wata ƙungiya na neman wanda zai horar da masu sana'ar hannu a Filato. Wakiliyarsu, Madam Ugochi, za ta zo ganin ofishinsa. Aikin nan ya shiga ransa, har tuwo ya daina yi masa daɗi.

1. Binne tsohon suna

"Shagon Badaru Mai Shawara" kowane ɗan keke ya san shi, kuma aibinsa ke nan. Nemo suna na Turanci, dogo, wanda kai kanka sai ka leƙa takarda kafin ka faɗe shi. Sunan da bai wahalar da baki ba, ai ba ya cika ido.

2. Share bango

Farin fenti, fat! Duk kyautar da mutanenka suka rataya maka, sauke ta. Zipora mai aikin duwatsun ado ta tarar da nata a kwali.

"Oga, har da nawa?"

"Bai dace da sabon tsari ba," in ji Badruddeen.

Ta ɗauki kayanta, ta fice. Kada hankalinka ya tashi, shiru ai yarda ne.

3. Fitar da benci

Mutanen nan sun saba, da sanyin safiya sai su cika maka benci, ana shayi ana kawo kuka: wannan an ƙi ɗinkinsa, wancan an kwafe masa zane. Haba, ofis ne ko tashar Bukuru? Kujera ɗaya ta isa. Mai son ganinka ya cike fom ta waya. Cikin kwana huɗu Badruddeen ya samu shirun da bai taɓa samu ba, ya ce lallai daraja ta fara zuwa.

4. Ka bar almajiri ɗaya, ka cika shi da hikima

Gyang mai zanen allunan shaguna ne kaɗai ya jure. Badruddeen ya kama kafaɗarsa: "Gyang, ka san darajarka! Duk wanda ya kira, ka ce sai bayan mako biyu, ko da zaune kake kana korar ƙuda." Gyang mutum ne mai riƙe magana. A tafin hannu ya rubuta.

5. Tarbi baƙuwa

Madam Ugochi ta iso ranar Asabar, ta dubi bango, ta dubi kujera.

"Oga, ofis ya yi kyau. To ina mutanenka? Su na zo gani."

Nan fa Badruddeen ya rarumi waya. Zipora ba ta ɗaga waya ba, teloli ma haka. Ya kira Gyang, ya buɗe muryar wayar don Madam ta ji.

"Gyang, maza ka zo, ga baƙuwa!"

"Na gode da kira. Sai bayan mako biyu."

"Ni ne fa, Badruddeen!"

"Na gane ka, Oga. Ai cewa ka yi duk wanda ya kira."

Madam ta yi dariya har da riƙe ciki. "Wannan ya san kansa. Irinsa muke nema. Ba ni lambarsa."

Ya ba ta. Ita ma Gyang ya ce mata sai bayan mako biyu. Ta jira, kuma shi aka ba aikin.

Sanarwa

In ka bi matakan nan ka wayi gari kai kaɗai a farin ɗaki, ni dai babu hannuna, babu ƙafata. Sabuntawa na yi maka alkawari, ban ce kowa zai biyo ka ba. Badruddeen ma bai zarge ni ba, domin ba shi da sukuni: yana can yana cike fom, ko Gyang zai ɗauke shi mataimaki.