Saniyar Tome Ta Rasu a Akwatin Gilashi

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, fushi kuma ya mamaye ɗan gurbin da ya rage, nake sanar da mutanen Kurumizawa, manya da yara, rasuwar Saniya, baƙar katantanwar katako, irin wadda yara ke juyawa da igiya, wadda Inomata Tome ta sassaƙa da hannunta. Ta rasu ranar Talatar da ta wuce da hantsi, a cikin akwatin gilashi, a ɗakin tarihin garinmu, bayan doguwar jinya.

Na ce ina sanar da ku ne don haka aka saba rubuta irin wannan takarda. Amma babu wanda labarin zai zo wa ba zato. Kai da kake riƙe da allon sanarwar unguwa yanzu, hatiminka a ɗaya hannun, kana sauri ka buga ka miƙa wa maƙwabci, ka ga ciwon nan da idonka. Ka kai baƙinka ɗakin tarihi, ka tsaya gaban gilashin, ka ga tsagar da ta taso daga bakinta ta nufi ƙasa, sai ka juya ka nuna musu tsohuwar garma. Ke ma da kika kai 'yan ajinki kin gani, kika ce su yi layi su wuce. Duk kun gani, kuka kau da kai.

An haifi marigayiya a hunturun farko bayan yaƙi. Mijin Tome ya tafi bai dawo ba. Ya bar mata ƙananan yara da injin ƙafa na sassaƙa akushi, wanda a lokacin ake cewa bai kamata mace ta taɓa ba. Ta taɓa, don yara ba sa cin al'ada. Ta riƙa sassaƙa akussan miya tana kai wa masaukan da ke bakin ruwan zafi, tana buga musu tambarin mijinta don a saya. Wata rana wani mai masauki ya dawo mata da guda biyu, ya ce ɗaya ya karkace, ɗayan kuma idon itacen ya faɗo ya bar huji. Dusar ƙanƙara ta rufe hanya, shinkafa ta kusa ƙarewa, yara suna ta kuka a ɗaki. Tome ta kifa akushi ɗaya a kan ɗaya, baki da baki, ta liƙe su da baƙin ƙaro, ta zura tsinken cin abinci ta tsakiya. Da ya bushe ta naɗa igiya ta ja.

Ta fara da ƙar, ƙar, ƙar a kan daɓen katako. Daga nan ta miƙe tsaye, iska ta shiga hujin nan, sai ta saki murya: mmmuuuuu.

'Yar autar Tome, Shizu, wadda ita ce kakata, tana nan da ranta, kuma har yau haka take ba da labarin: "Saniyarmu sojoji suka tafi da ita tun ina goye. Da na ji kukan nan sai na ce ta dawo! Na fita a guje ba takalmi, ƙafa cikin ƙanƙara, na je ina leƙa garke. Uwata ta yi dariya har ta zauna daɓas. Rabona da jin dariyarta tun kafin takardar mutuwar babanmu ta zo."

Daga nan sunan ya samo asali. Daga nan kuma duk wata katantanwa mai kuka da aka taɓa juyawa a wannan kwari ta samo asali. Ba daga wani sarki ba, ba daga wani kamfani ba. Daga mace mai takaba da akussa biyu da aka raina.

Marigayiya ta kasance mai haƙuri da sauƙin kai. Ba ta taɓa neman batir ba. Ta faɗo daga baranda, ta shiga ƙarƙashin murhu, kare ya taɓa ɗauke ta, ba ta yi ƙorafi ba. Ba ta san ɗan mai masauki da ɗan mai wanke-wanke ba. Kuma ba ta yarda da kaɗaici: sai yaro ɗaya ya riƙe mariƙin, wani ya ja igiyar, don haka ta shirya yaran da suka yi faɗa fiye da yadda mu malamai muka taɓa shiryawa. Idan ta gaji sai muryarta ta sauka, wuuu, wuu, ta yi tangaɗi kamar mai dawowa daga biki, ta kwanta a gefenta, taf.

Abu ɗaya kawai ta nema a wurinmu. Kowace sabuwar shekara tana zagaya gidaje, duk yaron da ya juya ta sai an ɗiga masa man gashi a tafin hannu ya shafe ta kafin ya miƙa wa na gaba. Haka Tome ta tsara. Wannan man da gumin hannun yara su ne abincinta, su suka hana itacen bushewa tsawon rayuwar mutum guda. Babu wani sirri a nan. Duk mai furfura a garin nan ya shafa mata mai da hannunsa, har da waɗanda zan ambata a ƙasa.

Kaka ta ba ni ita shekarar da na shiga makaranta. Ta ce, "Taki ce. Ranar da kika hana wani yaro, ta tashi daga taki."

Ciwon ajalinta ya fara ina jami'a a Sendai. Shugaban kwamitin raya gari, Kumagai Shigeo, ya sayi akwatin gilashi mai fitila daga aljihunsa, ya zo gidanmu da kwalin alewar wake, ya rusuna wa kawuna Noboru. Kawu ya kira ni a waya ya ce, "Aro ne, Chisato, baje koli ne na ɗan lokaci. Kada ki ɗaga murya, mutumin yana zaune a nan." Aka ɗauke ta aka ɗora a kan jan ƙyalle. Fitila mai zafi a samanta, na'urar ɗumama ɗaki a gefenta, makulli a ƙofar. Aka kira wannan girmamawa. A gabanta aka ajiye ɗan kati: "Abin wasan gargajiya na yankinmu. Ba a san wanda ya ƙirƙira ba."

Ba a sani ba! 'Yar wadda ta ƙirƙira tana sayen awara kullum a shagon da ke kallon ƙofar ɗakin tarihin. Ba tambaya aka rasa yi ba. An ga tambarin namiji a gindin akushin, an san ya mutu kafin a yi ta, kuma rubuta sunan matarsa zai sa a tuna cewa garin nan ya bar ta ita kaɗai a wancan hunturu. Sai aka zaɓi kalmar gargajiya, wadda ba ta da dangi da za su yi magana.

Da na dawo na kama koyarwa, na je wurin Shugaba Kumagai na roƙa a riƙa fito da ita ko da sau ɗaya a shekara, yara su juya ta. Ya zuba mini shayi, ya ce, "Malama Chisato, maganarki tana da kyau ƙwarai. Amma kin san hannun yara, duk maiƙo ne. Za mu duba." Na ce, "Ranka ya daɗe, maiƙon take so, kai ma ka sani." Ya yi murmushi ya ƙara mini shayi. Na nemi a mayar mini da abina, aka ce sai taron unguwa ya amince, tunda yanzu ta zama dukiyar gari.

Tsagar ta fito kamar silin gashi. Da ta yi faɗin da baƙo zai iya gani, kwamiti ya ɗauki mataki: aka buɗe akwatin, aka juya marigayiya, tsagar ta koma kallon bango. Wannan shi ne kaɗai maganin da aka taɓa yi mata. A taron unguwa na miƙe na faɗi abin da ke faruwa. Kuna wurin. Kowa ya zuba wa kofin shayinsa ido kamar za a ga kifi a ciki. Kawu ya ja hannun rigata yana raɗa, "Ke, zauna mana. Bawan Allahn nan da kuɗinsa ya sayi gilashin. So kike ya rasa inda zai sa fuskarsa?" Aka wuce zuwa batun kwashe shara. Kun auna fuskar mutum ɗaya da muryar da ta raine ku, kuka zaɓi fuskar.

Uwargida Endo mai sayar da tikiti ce kaɗai ta ji maganar marigayiya ta ƙarshe. Ta ce, "Ƙas! kawai na ji, na zaci na'urar ɗumama ce ta sake lalacewa." Da ta leƙa, akussan nan biyu sun rabu, kowanne ya kwanta a gefensa, tsinken yana tsakiya. Saniya ta mutu ba ta sake yin kuka ba tun ranar da aka kulle ta. Akwai yara a ajina da suka girma a garin Saniya ba su san cewa tana da murya ba. Ɗaya ya taɓa tambayata ko tukunya ce.

Ta rasu ta bar Shizu, wadda ta fara jin kukanta. Ta bar ni. Ta bar jikoki na roba masu walƙiya, ba iyaka, a shagunan birni, zuriyar wadda wani baƙo ya saya a nan tun da daɗewa ya je ya tsaga ya kwaikwaya. Ba ɗayansu da ya san sunan kakarsa. Ta bar tsofaffi masu yawa da za su ce sun yi kewarta. Sannan ta bar ƙanwa ɗaya, Karsana, ja, ƙarama, mai siririyar murya, wadda Tome ta yi a shekarar da ta biyo baya. Ita kaɗai ta rage daga hannun Tome. Tana cikin aljihun teburin Kaka, a naɗe da tsumma mai maiƙo, lafiyarta ƙalau.

Saboda ita na rubuta wannan takarda.

Shugaba Kumagai ya zo ta'aziyya. Ya rusuna har goshinsa ya kusa taɓa tabarma, ya yi kuka, kuma hawayensa na gaske ne, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ya ce ko za a liƙa marigayiya a mayar. Kaka ta ce, "Shigeo, ko an liƙa ba za ta yi kuka ba. Gawa za ka jingina da bango?" Ya share ido, sannan ya ce akwatin bai kamata ya zauna fanko ba, ga baƙi za su zo da bazara, ya ji an ce akwai ƙanwa. Kaka ta ce, "Zan yi tunani."

Da ya fita na ce, "Kaka, me ya hana ki ce a'a?"

Ta ce, "Ke 'yar boko, yaron nan ni na riƙa share masa majina. In kunyata shi a kan tabarmata? Ba zan iya ba. In gari ya ce a ba shi, zan naɗe ta in ba shi."

"In gari bai ce komai ba fa?"

"To ai ya ce ke nan."

Ta san ku sarai. A garin nan shiru shi ne amincewa, da shi muke yanke kowane hukunci, sannan kowa ya koma gida yana cewa shi bai ce komai ba. Kaka ta haura tamanin. Idan Karsana ta shiga gilashin nan, Kaka ba za ta sake jin abin da ya sa uwarta dariya ba har ta bar duniya, kuma bayan 'yan shekaru wani zai rubuta muku irin wannan takarda, ku buga hatimi.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi mai zuwa da rana, a farfajiyar haikalin kan tudu, a wutar da ake ƙona tsofaffin 'yan tsana da kayan adon sabuwar shekara. Malamin haikali ya amince zai yi mata karatu, zai kuma ambaci sunan Inomata Tome da babbar murya. Iyalai ba sa karɓar ambulan kuɗin ta'aziyya, ba sa karɓar furanni. Kwalin alewar wake kuwa, duk wanda ya kawo zai koma da abinsa. A sa tufafin da za a iya durƙusawa da su.

Kafin a kunna wuta za a juya Karsana a kan daɓen dutse, ta yi wa yayarta ban kwana. Kaka za ta riƙe mariƙin, amma kafaɗarta ba ta iya jan igiya yanzu, don haka ku zo da yaranku, kada ku wanke musu hannu. Akwai mai.

Bayan wuta ta lafa za a shiga zauren haikali a yi taron unguwa. Batun akwatin yana cikin abin da za a tattauna. Shugaba Kumagai zai gabatar da buƙatarsa cikin ladabi, zai ɗaga kai ya ce, "Akwai mai magana?" Ni zan miƙe, amma muryata kun riga kun saba da ita, ba ta hana kowa shan shayi. Taka ake buƙata. Kada ka buga hatimi a wannan allo sai ka yanke shawarar zuwa. Ka zo, ka saurari kukan Karsana, ka shiga zauren. Idan aka yi tambayar, ka ajiye kofin, ka miƙe tsaye, ka kalli mutumin da kuka shafa wa Saniya mai tare, ka ce a'a.

Hayasaka Chisato,
malamar aji uku, tattaɓa-kunnen Tome,
a madadin iyalai.