Yadda Za Ka Kira Gwamnati A Ɓoye Bayan Ka Gama Zaginta

Wannan darasi naka ne, kai tela, da ka yi shekaru ƙarƙashin rumfar shagonka na ƙofar gida kana koya wa jama'a cewa gwamnati ta yi ƙiba, a rage mata ciki ta bar kowa ya nemi abincinsa. Har sunanka ya ɓace, 'yan layi suna kiranka Malam A-ƙyale-mu. Yanzu ga mai walda ya kafa injinsa a jikin bangonka, kunnenka ya toshe, masu kawo ɗinki sun fara gudu. Kana son hukuma ta tashe shi, ba ka son sunanka ya zube. Bi matakan nan, na yi maka alkawari hukuma za ta zo.

1. Fara da kasuwa

Kai ka ce mutum biyu masu hankali ba sa buƙatar jami'i a tsakaninsu. To je ka same shi. Ka ce, "Ɗan'uwa, ƙarar nan ba za a ɗan rage ba?"

Zai ɗaga baƙin gilashinsa ya ce, "Haba Malam! Ai saboda kai na zo layin nan. An ce mini a nan kowa sarkin kansa ne."

Yi murmushi. Kada ka yi kuka a gabansa, koma bayan keken ɗinki.

2. Ƙara zafin wa'azi

Wanda zai yi abin kunya, gara ya fara tara shaidu. Idan 'yan hira sun cika benci, ɗaga murya sama da injin: "Wa ya saya mini allura? Gwamnati? Wa ya koya mini yanka? Amma ranar karɓa ita ce a sahun gaba!" Gaskiya ka faɗa, shi ya sa za ta yi daɗin ji. Mai walda ma zai kashe injin ya tafa maka, sannan ya kunna.

3. Kada matarka ta sani

Ta riga ta sani. Tana ganinka kana neman lambar ofishin tsara gari za ta ce, "Maigida, ba dai gwamnatin da ka ce ko gobara muka yi kada a kira ta ba?" Ce mata bincike kake yi. Masana duk haka suke cewa.

4. Buga wayar

Shiga banɗaki, toshe hanci, ka ce kai wani bawan Allah ne mai kishin ƙasa. Kada ka tsaya kan ƙarar inji, don ƙarar inji ba ta tayar da jami'i daga kujera. Ce musu ana cin hanyar gwamnati a layinku, su zo da igiyar awo, duk wanda ya wuce iyaka ko da taku ɗaya ne kada a raga masa. Maimaita "kada a raga masa". Suna son wannan.

5. Karɓi baƙinka

Za su zo da igiya da gwangwanin jan fenti. Za su auna mai walda, su tarar injinsa na cikin iyaka daram. Daga nan babbansu zai ɗaga kai ya ce, "Wannan rumfar ta wane ne?"

A nan za ka tuna cewa kai ka ƙara mata tsawo da hannunka har bakin kwalta, ranar da ka ce inuwa ba ta neman izini. Kafin la'asar kwanonta na cikin motarsu, benci na cikin rana.

6. Girbe nasararka

Jama'a za su taru suna jinjina kai. "Wallahi Malam ka sha faɗa mana. Ga shi mun gani da idonmu!" Sunanka bai taɓa yin tsada haka ba, sai dai ƙeyarka tana ƙuna.

Mai walda zai dafa kafaɗarka, idonsa jawur don tausayi. "Malam, ni zan ƙera maka sabuwa. Zan jawo injin nan bakin ƙofarka, in yi ta aiki har sai ta tsaya. Munafukin da ya kira su kuwa, mu biyu za mu nemo shi."

Ka ce, "Allah ya tona asirinsa." A hankali za ka faɗa, kada a amsa da ƙarfi.

Sanarwa: Alkawarina hukuma ta zo, kuma ta zo. Rumfa, kunne da amin ɗin da matarka ta amsa daga cikin gida, babu hannuna a ciki. Mai ƙorafi ya kai wa gwamnati, tunda yanzu yana da lambarta.