Makunnin da Na Sa wa Mashin Ɗina

Matso kusa ka ji abin da ke ƙona min rai. Tsohon mashin ɗin da na gada, da an tayar da shi fitilar gaba take kamawa, ba wurin kashewa. Ni kuma ina jin kunyar dallare surukina da ita in na je gaisuwa Nukkai.

Matata ta ce, "Baban Ladi, kai wa bakanike mana."

Na ce, "Waya biyu ce fa. Ni da na gyara fankar gidan nan?"

Na sayo makunni, na yanka, na haɗa, na naɗe da salatef. Ko gwadawa ban yi ba, don aikin ya yi kyau a ido.

Bayan magariba na isa, surukina Bappa na kan tabarma da dattawa. Cikin ladabi na danna makunnin. Fitila ta tsaya ƙyam a fuskarsa, hon kuma ya ɓarke, ya ƙi yin shiru. Dattijo ɗaya ya tsere ba takalmi.

Bappa ya kare ido da hannu ya ce, "Ku ba gwamna hanya."

Har yau, ko a ƙafa na je, sai ƙannen matata sun miƙe sun sara min. Don Allah, in kai ne, da wane ido za ka koma gidan?