Ranar da Buba Ya Zuba wa Mota Taki

"Ni Buba, in na kasa kunne ga inji, ko tari yay yi na san abin da ya ci jiya! Duk motar da Bature ya ƙera, ni ka warkad da ita."

Haka Buba yake buɗe baki kowace safiya a teburin mai shayi na bakin tashar Dogon Dutsi. To, aboki, bari in gaya maka gaskiya tun da wuri. Wannan sarkin cika-baki gyaran baburan kabu-kabu yake yi a gindin wata bishiya, kuma duk ilimin motar da yake taƙama da shi wata biyu ne da ya yi a Kwatano yana wanke motoci a bakin ruwa. Amma in ka ji shi, ka rantse da shi aka yi shawara kafin a ƙera taya.

Ana nan sai Alhaji Mukhtar, babban ɗan kasuwar wake, ya rasa makanikensa, wanda ya tafi haƙar zinariya. Motocin Alhaji biyar ne, ga kuma wata sabuwar a-kori-kura mai shan gazuwal, wato man dizal, da aka kawo masa daga Turai. Mota fes, sai dai wata fitila ruwan ɗorawa da ta kama a gaban direba ta ƙi mutuwa. Alhaji ya ce duk wanda ya gyara ta, shi zai riƙe masa motocinsa gaba ɗaya. Buba ya ji wannan, har ya fara hango kansa ya bar gindin bishiya ya koma gareji mai rufin kwano.

"Alhaji, ranka shi daɗe, wagga hwitila? Minti biyu!"

Ya sa kowa ya ja baya, wai sirrin sana'a ne. Ya yanko baƙin salatif ya manna a kan fitilar.

"Ga ta nan, ta mutu."

Alhaji ya leƙa, bai ga fitila ba, ya ce madalla.

Bayan kwana biyu sai motar ta fara rubutu da wani yaren Turawa, ga lamba ɗari uku a gefe, tana raguwa duk kilomita. Zaidu, direban Alhaji, mutum ne mai haƙuri da bin diddigi. Ya ɗauki hoton rubutun da wayarsa, wayar ta fassara masa.

"Buba, motag ga tana da ɗan tanki mai shuɗin marhi. Wani ruwa a ka zubawa, shi ka tsabtace hayaƙi. Ta ce in lambag ga ta kai sihiri, in anka kashe ta ba ta sake tashi. Sai an aika Yamai a sawo."

"Mi ac cikin ruwan?"

"An ce ure da tataccen ruwa."

Buba ya tuntsire da dariya har hularsa ta faɗi.

"Ure? Takin da mu ka zuba ma hatsi? Shi za a tahi Yamai saye? Kai, Turawan ga sun raina mu!"

Nan da nan gogan naka ya nufi shagon taki. Aka ce masa ure ya ƙare, sai wani takin daban mai toka-toka. Buba ya ce taki ai taki ne, gero bai taɓa tambaya ba balle mota. Ya sayi tiya guda, ya jiƙa da ruwan rijiya a bahon wanki, ya dama da muciya, ya tace da rariyar matarsa, ya ɗura wa motar har ta cika ta tumbatsa. Zaidu yana gefe yana ta salati.

Lamba ba ta daina sauka ba. Motar kuma ta ƙara da sabon salo: ka taka totur har ƙasa, tana tafiya kamar saniya mai ciki. Dalili kuwa, a cikin salansar irin waɗannan motoci akwai matatar da ke kama baƙin hayaƙi, wadda ba ta wanke kanta sai an yi doguwar tafiya a kan kwalta, ita kuwa wannan kullum tsakanin gida da kasuwa take. Buba bai san da wannan ba, kuma ba ya tambaya. Ya shige ƙarƙashin mota, ya kwance salansa, ya leƙa, ya ga wani abu mai ƙananan ramuka reras.

"Na kama ɓarawon! Alhaji, zo ka gani! Zuma ce ta yi saƙa cikin salansa tun can Turai!"

Ya samo rodi ya yi ta zungura yana farfasawa, gumi na zuba, har sai da ya ga haske ta ɗaya ɓangaren. Ya tara gutsattsarin a leda ya miƙa wa Alhaji shaida. Ya mayar da salansa, ya ce Alhaji ya tsaya a baya ya ji daɗin ƙara. Zaidu ya taka totur. Wani baƙin hayaƙi ya yi tsalle ya rufe Alhaji da farar shaddarsa. Da ya washe, idanu da haƙora kaɗai ake gani.

"Buba, mi ne ne wanga?"

"Dauɗar Turai ce ka hita, Alhaji. Ka gode Allah ba cikin injin tat tsaya ba."

Alhaji ya goge fuska, ya ce shi dai ranar Laraba zai je Tibiri ɗaukar wake, kuma da Buba za a tafi. In mota ta je ta dawo lafiya, aiki nasa ne.

Ranar Laraba Buba ya sha babbar riga, ya hakimce a gaba. Suna tafe suna turnuƙe hanya, masu amalanke na tari suna tsinuwa. Lamba, wadda zirga-zirgar gari ta riga ta cinye rabinta da ɗori, na ta sauka: ashirin, goma, uku. Suna shiga Tibiri ta buga sifiri. Zaidu ya tsaya a bakin kasuwa, ya bar injin a kunne.

"Don Allah kada kowa shi taɓa makullin ga har mu koma gida."

Da Buba ya yi shiru, da sun yi lodi sun dawo, da yanzu wani labarin nake ba ka. Amma ya ga mutane sun taru suna kallon sabuwar mota, kansa ya kumbura.

"Jama'a, ku ji! Wai ƙarhe ne za ya ba Buba oda?"

Ya miƙa hannu ya murɗa makulli, inji ya yi tsit. Ya sake murɗawa, shiru. Ya karkata kunne, ya buga bonet, ya sa majiya ƙarfi takwas suka tura har suka gaji, ko tari ba ta yi ba. A ƙarshe shanun amalanke biyu ne suka ja ta zuwa inuwa, Buba na riƙe da sitiyari da babbar rigarsa, 'yan kasuwa na yi masa tafi.

Alhaji ya buga waya Doso. Da la'asar sai ga Rumaisa'u, wata makanikiya da ta yi karatun irin waɗannan motoci, da kwamfutarta a jaka. Ta jona ta da motar, ta karanta, ta ɓare salatif, fitila ta fito tana ci abinta. Ta leƙa salansa ta ga wayam. Ta buɗe shuɗin marfi ta sunsuna, ta ja da baya tana toshe hanci.

"Baba Alhaji, wa ya yi wa motar nan noma?"

Kasuwa ta ɗauki dariya. Buba ya nemi sulalewa bayan buhunan wake, Zaidu ya riƙo masa gefen riga.

"Madam, ai ure anka ce," in ji Buba, murya ƙasa-ƙasa.

"Wannan ko ure ɗin ma ba shi ba ne, Malam. Tanki da famfo da matata duk sai sabbi, kuma sai daga waje. Wata guda a ƙalla."

Alhaji ya dafa kafaɗar Buba a hankali.

"Buba, motocina ka manta da su, Rumaisa'u za ta riƙe. Amma ba ni barin ka haka nan, na ga hannunka ya iya taki. In damana ta hwaɗi ka taho gonata, ga ƙwarya ga jaki."

Buba ya buɗe baki zai yi godiya, Alhaji ya ɗaga yatsa.

"Sharaɗi guda. In jakin ya rage sauri, kada in gan ka bayan shi da rodi."