Tsirkiya Huɗu da Jan Zare

Wani mutum ne a unguwarmu, nan cikin tsohon garin Lahore. Ba zan kama sunansa ba, don matarsa mutuniyar kirki ce, kuma har gobe tana aiko mana da shinkafa ranar Sallah. Shekara talatin da biyu ya yi a wani ofishin gwamnati, ba abin da yake yi sai buga hatimi a takarda. Da ya yi ritaya sai ya rasa abin bugawa. Ya shiga kicin yana koya wa matarsa yankan albasa, ta koro shi. Ya koma masallaci yana gyara wa mutane sahu, har liman ya roƙe shi ya ji da nasa ƙafafun.

Amma ainihin ciwonsa yayan matarsa ne, Mirza Tufail. Shi Tufail tun yana saurayi ya koyi waƙa wurin wani babban ustad, har aka ɗaura masa jan zaren nan a wuyan hannu, wanda malamin kiɗa ke ɗaura wa ɗalibin da ya yarda ya zama nasa. Zaren farko tuni ya ruɓe, amma duk shekara sai Tufail ya sabunta. Shekara arba'in ke nan. In zai zuba shayi sai ya naɗe hannun riga. In zai nuna maka hanya, da hannun zaren zai nuna, ko da hanyar tana ɗaya gefen. Abin nan ya ci wa mutuminmu rai har ya rantse a gaban matarsa cewa shi ma sai an ɗaura masa, kuma a kan idon Tufail.

Haka ya faɗo mana. Mu muna koyo ne wurin Ustad Zahur Baig, a ɗakin da ke saman shagon mai alewa. Shi Ustad huɗu-huɗu yake haɗa ɗalibansa, ba ruwansa da shekarunka, Talata da Asabar bayan la'asar. A ƙungiyarmu akwai ni da sarewata, akwai Begum Farkhanda, malamar makaranta mai ritaya, shekara saba'in ba ɗaya, tana kaɗa sitar, wata irin garaya mai tsirkiya da yawa, akwai Riyasat tela a kan tabla, 'yan gangunan nan biyu da ake kaɗawa da yatsu. Mutum ɗaya ya rage mana. Mun daɗe muna addu'a Allah ya kawo na huɗu, ba mu tuna mun faɗi irin wanda muke so ba.

Sai ga shi da rigar da ya yi aure da ita, maɓallai na neman tsinkewa a ciki, ga mayafi a kafaɗa kamar wanda ya dawo daga kiɗa a gaban shugaban ƙasa. Bai ko gama cire takalmi ba ya tambayi wane kayan kiɗa ne ake zama da shi a tsakiya. Ustad ya ce ya zauna tukuna, ya yi tafi yana bin ƙirgen da zai yi. Ustad ya ƙirga. Mutumin ya yi tafi. Wallahi da sauro yake kashewa da ya fi haka tsari.

Ustad ya daɗe yana kallon rufin ɗaki, sannan ya miƙa masa tanpura. Ita tanpura ƙaton duma ce mai dogon wuya da tsirkiya huɗu, kuma ba waƙa take yi ba. Gunji ɗaya take riƙewa daga farko har ƙarshe, ita ce tabarmar da sauran ke zaune a kai.

"Ka taɓa ta farko, ta biyu, ta uku, ta huɗu, a hankali," in ji Ustad.

"Sai kuma me, Ustad-ji?"

"Sai ka sake."

"Har yaushe?"

"Har mu gama."

Na ɗauka zai yi fushi. Ina! Ya auna tanpurar da ido, ya auna sitar ɗin Begum, ya auna 'yar sarewata, sai ya washe baki. Kafin magariba duk unguwa ta ji cewa daga zuwansa Ustad ya gane shi, ya damƙa masa kayan kiɗan da ya fi na kowa girma.

Aikin da jikata 'yar shekara shida za ta iya tana gyangyaɗi, shi ne ya gagari wannan bawan Allah. Hannunsa abu ɗaya ya sani a duniya, hatimi. Ba taɓa tsirkiya yake ba, buga mata yake kamar takardar da ta ɓata masa rai. A sati na biyu ya tsinke guda, ya ce tsohuwa ce. In Riyasat ya ƙara wuta a tabla, sai shi ma ya ɗiba da gudu wai kada a bar shi a baya. In Begum ta shiga wani wuri mai daɗi, sai ya tsaya cak ya saurara, mu kuma mu ji tabarma ta zame a ƙarƙashinmu. Ran nan muna tsakiyar kiɗa ya jingine tanpurar a bango ya duba agogo, wai shi a iya saninsa duk aikin da ya wuce awa ɗaya akwai hutun shayi a cikinsa.

Ustad mutum ne mai haƙuri, ya koyar da 'yan sanda ma. Amma na lura tun zuwan mutumin nan ya fara ajiye maganin ciwon kai kusa da matashinsa.

Wata Talata Ustad yana rera mana wani wuri don mu ji yadda ake hawansa, sai muryarsa ta ɗan zame. Nan take ya kama kunnensa na dama, ya sunkuyar da kai, ya sake daga farko. Mu ba mu ko ɗaga ido ba, kowa ya san abin da ake nufi. Shi kuwa gogan ya zuba ido kamar ya tsinci sirrin sana'a. Ranar Asabar da ya dawo, sai sabon salo. Ya taɓa tsirkiya biyu, ya kama kunne. Ya taɓa ɗaya, ya kama kunne, har da lumshe ido da girgiza kai. Kuma da hannun da yake kiɗan yake kamawa, saboda haka gunjin ya koma kamar famfon da ake ɗauke wa ruwa ana kawowa.

Ustad ya ɗaga hannu muka tsaya. Ya tambaye shi ko wani abu ne ya shige masa kunne. Ya ce a'a, alamar manyan makaɗa ce, ya sha gani a talabijin, ga shi kuma ya ga Ustad da kansa ya yi.

Riyasat ya ce, "Kawu, in mutum ya yi kuskure yake kama kunne. Tuba ce."

Begum ko kallonsu ba ta yi ba, tana gyara zaman sitar ɗinta ta ce, "Ku ƙyale shi. Duk cikinmu shi kaɗai ne ya cancanci ya kama kunnen nan kada ya saki."

Kun san me ya yi? Dafa ƙirji ya yi ya ce mata ya gode, wannan karamcinta ne. Da daddare matarsa ta ji labari cewa har tsofaffin ɗalibai sun fara sallama masa.

Daga nan sai maganar zare ta tashi. Duk Asabar sai ya zo da 'yar jaka, a ciki akwai mazarƙwaila da gasasshen wake irin wanda ake ba ɗalibi a baki ranar ɗaurin, da jan zare da ya yanko a shagon Riyasat ba tare da ya tambaya ba. Yana zama sai ya naɗe hannun riga ya ajiye hannun a gwiwa, yana fuskantar Ustad. Ustad ya ce masa akwai waɗanda suka shekara goma suna jira. Ya ce waɗannan ba su da ƙwarewar ofis. Ustad ya ce zare ba a roƙonsa. Ya ce shi ba roƙo yake ba, tunatarwa ce, kuma in ana bukatar a rubuce zai kawo.

Da ya ishe shi, sai Ustad ya yi kuskuren da ya fi na kowa. A gabanmu ya ce masa, ranar da ƙungiyarmu za ta yi kiɗan cika wata shida a gaban jama'a, in har tanpura ta tashi daga farko ta kai ƙarshe ba tare da kuskure ko ɗaya ba, zai ɗaura masa. Ustad ya faɗi haka ne da kwanciyar hankali, don ya san ko aljani ya shiga hannun mutumin nan ba zai kai minti biyu ba. Shi kuwa daga nan gidan Tufail ya zarce, ya gayyace shi da iyalinsa kaf, ya ce ya zo da tabarau don ya gani da kyau.

To mu fa? Mu ma muna da 'yan uwa. Begum ta gayyaci tsofaffin ɗalibanta, Riyasat ya gayyaci surukansa, ni kuma matata ta ce za ta zo ta ji abin da nake fita yi duk Talata da Asabar. Wata shida muna wahala, ga mutum ɗaya zai mai da mu abin dariya. Sai muka haɗu a shagon Riyasat muka ƙulla. Akwai ɗan akwatin nan mai batir da ake sayarwa, wanda ke yin gunjin tanpura shi kaɗai, ba ya gajiya, ba ya neman shayi. Na aro guda. Ba mu gaya wa Ustad ba, kuma, Allah ya gani, ba wanda ya tuna da alkawarin zare a cikinmu.

Ranar ta zo. A tsakar gidan wani maƙwabci aka yi, bayan la'asar, an shimfiɗa farin ƙyalle a kan darduma, mutum ya kai sittin. Tufail na layin gaba, hannun riga a naɗe har gwiwar hannu. Kafin mu hau, Riyasat ya cusa auduga a ƙarƙashin tsirkiyoyin mutumin har suka daina ko tari. Da ya tambaya, Riyasat ya ce masa haka manya ke yi ranar taro, don kada sanyi ya kama su. Mutumin ya ce ai ya sani. Ni kuma na tura akwatin bayan matashin da ya jingina, na rufa da mayafinsa. Yana ɗora yatsa a tsirkiya na murɗa makunnin akwatin.

Gunji ya tashi, santsi kamar man shanu. Mutumin ya manna kunne a wuyan tanpura ya lumshe ido, shi kansa ya sha mamakin kansa. Begum ta shiga, na bi ta, Riyasat ya ɗauka. Tunda muka fara koyo ba mu taɓa jin daɗin kiɗa irin na ran nan ba.

Mutum ɗaya ne ba ya jin daɗi. Ustad na zaune a gefe yana jiran kuskure. Minti biyar, babu. Minti goma, babu. Na ga ya share gumi, ya dubi hannun mutumin, ya dubi 'yar jakar mazarƙwaila da ke gefensa, fuskarsa ta yi fari fat. A nan ne na tuna alkawarin, har sarewa ta kusa suɓuce mini.

Sai Begum ta yi wani juyi mai kyau ta sauka daidai kan bugun Riyasat. Wani dattijo a baya ya ɗaga hannu ya ce, "Wah!" Kun san in an yaba wa makaɗi yakan ɗan kai hannu goshi ya amsa. Begum hannayenta na kan aiki, sai ta sunkuyar da kai kawai. Gogan kuwa ya tabbata da shi ake. Ya saki tsirkiya ya kai hannu goshi. Gunji bai tsaya ba. Aka sake cewa wah. Ya jingina tanpurar a kafaɗa ya amsa da hannu biyu, dama da hagu, har da waɗanda ke leƙowa ta saman soro. Gunji bai tsaya ba. Ya zaro hankici ya goge wuya. Ya ɗauki kofi ya sha ruwa. Riyasat na yi masa tari, ni ina zungurinsa da gwiwa, shi ko a jikinsa. Har muka kai ƙarshe, sitar ta yi shiru, tabla ta yi shiru, na sauke sarewa, shi yana tafa wa kansa, tanpura na jingine tana ta gunjinta ita kaɗai.

Ba wanda ya yi tafi sai shi. Tufail ya cire tabarau ya goge, ya mayar, sannan ya miƙe tsaye.

"Kai mijin ƙanwata," ya ce, yadda kowa zai ji, "ga hannayenka biyu nan muna gani. To wane ne ke kaɗa tanpurar?"

Mutumin ya dubi hannayensa. Ya dubi tanpura, ya kara kunne ya saurara da kyau. Sannan ya naɗe hannun riga a hankali, ya miƙa wa Ustad wuyan hannunsa da jan zaren, ya waiwayo ya dubi Tufail sama da ƙasa.

"Kai shekara arba'in kana yawo da zare, ko ɗalibi ɗaya ba ka yaye ba. Ni wata shida kacal na yi ina koya mata, ga ta nan ta haddace."