Gishirin Malam Ƙamus

Wannan gidan burodi bai taɓa samun mutum irin surukin maigida, mijin 'yarsa, ba. Sati shida ya yi a ƙasar waje yana koyon sana'a, ya dawo da farar hula mai tsini da littafin haɗa burodi mai kauri. Ma'aikata suka raɗa masa Malam Ƙamus. Da ya ji, sai ya ɗauka girmamawa ce.

Ranar da wani otal zai turo wakili ya ɗanɗana burodinsu kafin a ba su kwangila, Malam Ƙamus ya tara kowa a bakin kwamin kwaɓi. Tsohon makwaɓi, wanda ya shekara talatin yana auna gishiri da tafin hannu, yana shirin zubawa, sai aka riƙe masa hannu.

"Baba, wannan shi ya hana mu ci gaba," in ji Malam Ƙamus. "Mu sai mu ce kaɗan, kowa da nasa kaɗan ɗin. Bature kuwa cewa yake yi pinch. Abin da yatsa biyu suka tsinka, ba ƙari, ba ragi."

Rabin awa ya yi yana bayani. Ya faɗi inda ake amfani da kalmar, da yadda masu ilimi ke murguɗa baki in za su furta ta. Sannan ya naɗe hannun riga, ya tsinki gishiri kamar mai kama tururuwa, ya yayyafa wa buhu guda na fulawa. Tsohon ya tambaya a hankali ko za a ƙara. Aka tuna masa cewa bai taɓa hawa jirgi ba.

Burodin ya fito fari tas, gwanin kyau. Wakilin otal ya gutsura, ya daɗe yana taunawa kamar an ba shi katifa. Ya nemi ruwa, ya yi godiya, ya tafi bai waiwayo ba.

Malam Ƙamus ya ce harshen mutanen nan ne bai waye ba. Maigida, wanda ba ya jin Turanci ko kalma ɗaya, ya karɓi littafin ya buɗe shafin da surukin ya samo kalmar. Hoton wata mata ne a kicin ɗinta, riƙe da burodi guda ɗaya tak.

"Ɗana," ya ce, "ita wannan baiwar Allah, buhu nawa take kwaɓawa?"

Littafin yana nan har yau, a ƙarƙashin ƙafar teburin yanka. Tun da aka sa shi, teburin bai sake girgiza ba.