Hular Da Ke Gane Ɓarawo

Jama'a, ku taya ni murna! Jiya hukuma ta tabbatar mini ni ba ɓarawo ba ne. Duk tsawon rayuwata ina zaune cikin shakka, sai jiya hankalina ya kwanta.

Ga yadda aka yi. Na shirya zan ci kasuwar Kankia daga Kusada, sai na tarar motar Labaran direba tana layin mai tun shekaranjiya, shi kuma yana barci a ƙarƙashinta. A ƙasar da rediyo ke cewa mai ya yi mana yawa, wai har an rasa yadda za a yi da kuɗinsa! Na ce madalla, na taka sayyadata.

A hanya na cimma Bube, makiyayin ƙauyen Kaikai, mijin Haulatu da ke kawo mana nono. Idonsa jawur. Ɓarayi sun buge shi da gora a ƙeya, sun kwance masa saniya, ja mai farin goshi. Ita kaɗai fari ya bar masa, nononta ne tuwon gidansa. Sauri yake ya duba wajen sayar da shanu kafin a loda ta Kudu.

Muna isa bakin kasuwa sai ga rumfa, ga maroƙa, ga masu kulki sun tare hanya. Ashe wani Mai Girma ne, Sarkin Masana Kawunan Talakawa, Allah ya ja zamaninsa, ya dawo daga kwas a Turai da maganin sata. Ya miƙe ya yi mana bayani. Wai sata ba yunwa ke kawo ta ba, ba kuma rashin aiki ba. A ƙashin kai take, da ita ake haihuwar mutum, kuma ana gane ta da girman kai ko tudu a ƙeya. Saboda haka ba sai an wahala ana bin sawu ba, a auna kawuna a kama ɓarawo tun bai yi satar ba. Kai, ilimi da daɗi!

An sayo na'urar awon, in ji shi, mai tsadar gaske, amma tana cikin jirgin ruwa a Ikko ba a sauke ba. Sai ya tuɓe hularsa ya ɗaga. "Wannan a kan mutumin kirki aka ɗinka ta. Wanda ta shige shi, ya wuce kasuwa. Wanda ta ƙi, ya zauna gindin tsamiya har motar ɗaukar masu laifi ta zo." Motar kuwa tana bayan ta Labaran a layin mai.

Zo ka ga wanzamai! Ko jajibirin salla ba su taɓa ciniki irin na jiya ba. Kowa na ihu a yi masa ƙwal-kwabo, masu man shanu suna bi suna shafe mana kai don hula ta zame. Malam Ma'aruf na Islamiyyar Fakuwa ya ce shi ba ruwansa da wannan shirme, aka ɗora masa hula ta tsaya a sama kamar murfin tukunya. Aka nuna masa tsamiya.

Na ce, "Allah gafarta malam, ashe har da ku?"

Ya ce, "Kai dai bari. Na ɗauka karatu ne ya cika shi."

Da aka zo kaina na riƙe numfashi, ban san amfanin hakan ba. Hula ta faɗa zuruf har kunne. Maroƙa suka ɗauka, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Wallahi har da ɗan tsallena, ni da furfurata.

Sai Bube. Ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, ni aka yi ma sata, a bar ni in duba saniyata." Mai Girma ya shafa ƙeyarsa, ya ci karo da ƙulun gorar nan, sai fuskarsa ta washe.

"Ga shi! Tudun sata, sak yadda aka koya mana!"

"Ranka ya daɗe, wanga ƙulun ɓarayin ne suka..."

Mai Girma ya ce, "Kun gani? Har ya san su." Aka ja shi tsamiya.

Bayansa wani mai farar shadda ya matso, yana ƙamshin turare. Hula ta zauna masa ɗas. Mai Girma ya rungume shi, ya ce mu dubi kan mutumin kirki. Shi kuwa ya yi ta rusunawa yana godiya, yana ja da baya, yana godiya, har ya shige cikin taro. Sai da na gaba ya miƙo kai aka ce, af, ina hular?

Ana cikin nema sai ga babbar motar shanu ta fito, ita ta sami mai. Wata ja mai farin goshi ta turo kai ta tsakanin katako tana kuka. A gaban mota, kusa da direba, ga mai shadda da hular Mai Girma yana ɗaga mana hannu. Bube ya zabura yana kiran saniyarsa, masu kulki suka danne shi. Muka ce ranka ya daɗe, ga ɓarawo can! Ya ce ba zai yiwu ba, shi da kansa ya auna kan wannan. Hula kuwa aro ya yi.

Nan dariyata ta ƙare. Bube ya bi motar da ido har ta sha kwana, ya sa fuska cikin malfarsa ya yi kuka. Na ji kunyar tsallen da na yi. Da yamma aka sallami na gindin tsamiya, aka gargaɗe su kada su sake. Yau da safe Haulatu ba ta zo ba, da ruwa aka dama mini fura.

Af, na manta ban gaya muku ba, matar ɗana ta sauka, an sami namiji. Na leƙa na tarar Iyatu ungozoma tana gyara masa kai da tsumma da ruwan ɗumi, yadda aka saba. Na ce, "Iyatu, don Allah matse shi da kyau, ki yi masa irin na mutumin gaban mota." Yaron da ya sami wannan kai, ba shi ba layin mai.